Ɗansoshiya da Intanet Mai Sauri: Damar da Ta Wuce da Wadda Ke Bakin Ƙofa

Idan ba a manta ba, a shekarar 2020 ne Gwamnatin Jihar Kano, a zamanin Gwamna Abdullahi Umar Ganduje, ta ƙaddamar da matsugunin makiyaya a dajin Ɗansoshiya da ke ƙaramar hukumar Kiru. Tun daga wannan lokaci sunan Ɗansoshiya bai daina fitowa ba a duk inda ake maganar raya karkara a kudancin jihar nan. Shirin bunƙasa noma da kiwo na Jihar Kano, wato KSADP, wanda aka tsara a kan kuɗi Dalar Amurka miliyan 95 tare da tallafin Bankin Raya Ƙasashen Musulmi, ya sanya wurin cikin wuraren kiwon da za a inganta. Haka kuma gwamnatin Injiniya Abba Kabir Yusuf, wadda ta kama aiki a shekarar 2023, ta ɗauki aikin madatsar ruwa da noman rani a yankin.

Duk waɗannan ayyuka ne da jama'a ke bukata. Sai dai akwai wani ginshiƙi da ba a cika ambatonsa ba idan ana lissafin abubuwan more rayuwa a karkara, wato hanyar sadarwa mai ƙarfi da intanet mai sauri. A wannan sharhi za mu duba irin kuɗaɗen da aka sha warewa domin kai sadarwa karkara a ƙasar nan cikin shekaru ashirin da suka wuce, da dalilan da suka sa da yawa daga cikinsu ba su iso yankuna irin su Kiru da Bebeji da Tudun Wada da Doguwa yadda ya kamata ba, da kuma abin da ya rage a yi.

Yadda yankin yake

Kamar yadda aka sani, waɗannan ƙananan hukumomi huɗu suna cikin rumbunan abinci na Jihar Kano. A Bebeji ne madatsar ruwa ta Tiga take, wadda aka gina a zamanin marigayi Gwamna Audu Bako aka kuma kammala a shekarar 1974, kuma ita ce ke shayar da gonakin rani na Kadawa da Kura. Tudun Wada ta yi suna wajen noman shinkafa da cinikinta, Doguwa kuwa wajen masara, ga kuma ma'adinan Riruwai da dajin Falgore. Babbar hanyar Kano zuwa Zariya ta ratsa ta Kwanar Ɗangora, inda matafiya ke karkatawa zuwa Tudun Wada da Falgore har su dangana da Saminaka da Jos.

A bakin babban titi ba a cika kukan rashin sabis ba. Matsalar tana farawa ne idan aka saki kwalta aka nutsa cikin ƙauyuka da rugage da gefen daji. Dalilin haka a fili yake. Kamfanin waya ɗan kasuwa ne. Kafin ya kafa ƙarfen sabis sai ya lissafa kuɗin fili da na ƙarfe da na'urori, da man dizal ko farantan hasken rana, da albashin maigadi, sannan ya duba yawan mutanen da za su sayi kati. Inda gidaje suke a warwatse, lissafin ba ya fita. Bugu da ƙari, ƙarfen sabis ba ya aiki shi kaɗai, sai an haɗa shi da babbar hanyar sadarwa ta ƙasa. Mafi ingancin haɗi shi ne na wayar faiba, wato siririyar wayar gilashi da ake binnewa a ƙasa, wadda ke ɗaukar saƙo da haske. Inda babu ita, ko da alamar sabis ta cika a fuskar waya, buɗe shafi ɗaya na iya zama aikin yini.

Saboda haka ne a ko'ina cikin duniya gwamnatoci ke zuba tallafi domin cike giɓin da ɗan kasuwa ba zai cike da kansa ba. A Nijeriya ma an sha ware irin wannan tallafi.

Damarmakin da suka wuce

Ta farko ita ce shirin wayar tarho na karkara da Gwamnatin Tarayya ta fara a zamanin Shugaba Olusegun Obasanjo, da rancen Dala miliyan 200 daga ƙasar Sin. An sayo kayan aiki, an gina ɗakunan na'urori a wasu hedikwatocin ƙananan hukumomi, amma kafin a kammala sai wayar tafi-da-gidanka, wadda ta fara aiki a shekarar 2001, ta sha gaban fasahar da aka sayo. Ƙarshenta aikin ya tsaya, kayan suka lalace a inda aka ajiye su.

Ta biyu ita ce Asusun Samar da Sadarwa ga Kowa, wanda aka fi sani da USPF. Dokar sadarwa ta shekarar 2003 ce ta tanadi wannan asusu, ya kuma fara aiki a shekarar 2006. Kuɗinsa yana fitowa ne daga wani kaso na harajin da kamfanonin waya ke biyan Hukumar Kula da Harkokin Sadarwa ta Ƙasa, wato NCC, a kowace shekara. Ma'ana, duk manomin da ya taɓa sayen katin waya a kasuwar Kwanar Ɗangora yana da hannu a cikin wannan asusu. Aikinsa shi ne tallafa wa kamfanoni su kafa ƙarafan sabis a inda babu riba, da samar da kwamfutoci da intanet a makarantu da cibiyoyin al'umma. Binciken da aka yi a shekarar 2013 ya gano rukunin yankuna 207 da ba su da sabis a faɗin ƙasar nan. Tsakanin 2015 da 2023, lokacin da Farfesa Umar Garba Ɗanbatta ke shugabantar NCC, adadin ya ragu zuwa 114 a shekarar 2019, sannan zuwa 97 a shekarar 2022, amma duk da haka kimanin mutane miliyan 27 ne aka kiyasta sun rage a cikin waɗannan yankuna. Abin lura a nan shi ne, wannan asusu da taswira yake aiki. Ƙauyen da sunansa bai shiga lissafin wuraren da ke da giɓi ba, da wuya tallafi ya neme shi.

Ta uku, wadda ta fi shafar shiyyarmu kai tsaye, ita ce tsarin kamfanonin shimfiɗa wayar faiba na shiyya-shiyya. Hukumar NCC ta raba ƙasar nan gida bakwai, wato shiyyoyi shida da kuma Legas, ta bai wa kamfani guda lasisin kowane yanki. A shekarar 2018 kamfanin Fleek Network ne ya samu lasisin Arewa maso Yamma. Manufar ita ce a kai wayar faiba kowace ɗaya daga cikin ƙananan hukumomi 774, kuma an yi maganar tallafin Naira miliyan dubu 65 da za a riƙa biyan kamfanonin gwargwadon aikin da suka kammala. Wannan tallafi bai fito yadda aka tsara ba, kamfanonin kuma suka yi ta kukan tsadar izinin haƙa a jihohi da matsalar tsaro. Da shirin ya tafi daidai, da sakatariyoyin Kiru da Bebeji da Tudun Wada da Doguwa sun daɗe da samun mashigar da za a ja waya daga cikinta zuwa makarantu da asibitoci da kasuwanni.

Ta huɗu ta shafi jihohi ne. Tun a shekarar 2013 Majalisar Tattalin Arziki ta Ƙasa ta amince cewa kada kuɗin izinin haƙa hanyar wayar faiba ya wuce Naira 145 a kan kowace mita, kuma gwamnoni sun sake jaddada haka a watan Janairun 2020. A cikin wannan shekara Jihar Ekiti ta rage nata daga Naira 4,500 zuwa 145, maƙwabciyarmu Kaduna kuwa ta yafe kuɗin gaba ɗaya. Daga baya, a shekarar 2022, Bankin Duniya ya amince da shirin SABER na Dala miliyan 750, wanda ke bai wa jihohi kuɗi bisa sharaɗin sun sauƙaƙa harkokin kasuwanci, kuma gyaran dokokin shimfiɗa wayar faiba yana cikin sharuɗɗan. Irin wannan kuɗi ba a raba shi daidai-wa-daida. Jihar da ta cika sharaɗi a kan lokaci ita ke karɓa, wadda ta makara kuwa sai ta ji labari.

Domin a fahimci nauyin wannan batu, bari mu kawo misali da lissafi mai sauƙi. Kamfanin da zai ja waya tsawon kilomita 50, idan ana karɓar Naira 145 a kowace mita, zai biya Naira miliyan 7 da dubu 250. Idan kuwa Naira 1,000 ake karɓa, zai biya Naira miliyan 50 tun bai sa diga a ƙasa ba. A cikin birni, inda masu saye ke da yawa, yana iya jurewa. A hanyar Falgore kuwa sai ya naɗe takardunsa ya nufi wani wuri. Kenan tsadar izini karkara take cutarwa fiye da birni.

Jimillar waɗannan abubuwa ta bayyana a alƙaluman ƙasa. Tsarin faɗaɗa intanet na ƙasa na 2020 zuwa 2025, wanda aka ƙaddamar lokacin da Farfesa Isa Ali Pantami ke ministan sadarwa, ya yi burin kai intanet mai sauri ga kashi 70 cikin ɗari na jama'a. A ƙarshen shekarar 2024 adadin bai kai kashi 45 cikin ɗari ba, kuma mafi yawan waɗanda aka bari a baya mazauna karkara ne.

Me ake asara?

Wani zai iya cewa, mutumin da ke neman ruwan sha da taki da magani, ina ruwansa da intanet? Tambaya ce mai ma'ana, amma abubuwan da suka faru a 'yan shekarun nan sun amsa ta. Tun a shekarar 2012 Gwamnatin Tarayya ta fara rabon takin tallafi ta hanyar saƙon waya. Daga shekarar 2015 jarrabawar shiga jami'a ta JAMB ta koma kan kwamfuta baki ɗaya, kuma yaron da bai taɓa riƙe linzamin kwamfuta ba sai ranar jarrabawa ya shiga fili da rauni. A ƙarshen shekarar 2020 aka wajabta haɗa layin waya da lambar shaidar ɗan ƙasa, abin da ya sa mutanen ƙauye yin doguwar tafiya da kwana a layi. A farkon shekarar 2023, lokacin canjin takardun Naira, an ga yadda ciniki ya tsaya a kasuwannin karkara, domin babu tsabar kuɗi a hannu, taransifa kuma ba ta tafiya saboda raunin sabis. Manoma da makiyaya da dama sun karyar da kayansu a hannun duk wanda ya zo da kuɗi a aljihu.

Idan muka dawo kan Ɗansoshiya, madarar da aka tatso da safe ba ta jiran gobe. Cibiyar tattara madara tana bukatar sanin yawan abin da zai iso, mai mota yana bukatar sanin lokacin da zai zo, matan da suka kawo nono suna bukatar a biya su ba tare da an yi ta yawo da kuɗi a daji ba. Idan ciwo ya ɓulla a garke, hoto ɗaya da aka aika wa likitan dabbobi na iya ceton shanu masu yawa. Manomin tumatir da ya san farashin kasuwar 'Yankaba ko ta Legas kafin ya tsinke, ba zai sayar a makance ba. Ta fuskar tsaro ma, mutanen da ke zaune a gefen Falgore, waɗanda suka ɗanɗana azabar ɓarayin shanu a wajajen shekarar 2015, sun fi kowa sanin darajar kiran waya da ya shiga a kan lokaci.

A nan ne wata dama ta daban take suɓucewa ba tare da an ankara ba. Jihar Kano tana cikin jihohin da suka shiga shirin hanyoyin karkara da kasuwannin amfanin gona na RAAMP, tana kuma cikin rukunin farko na shirin yankunan sarrafa amfanin gona na SAPZ da Bankin Raya Afirka ke jagoranta. Waɗannan shirye-shirye an tsara su ne domin hanya da ruwa da noma, sadarwa ba ita ce manufarsu ba. Amma kowa ya san cewa mafi tsadar aikin wayar faiba shi ne haƙa. Idan ana gina sabuwar hanya aka binne bututun da waya za ta bi a gefenta, an rage wa kamfani babban nauyi, an kuma kare kwaltar daga fasawa nan gaba. Hausawa na cewa tun ran gini ran zane.

Damar da ke tafe

Abin farin ciki shi ne ƙofa ba ta rufe ba. A shekarar 2024 Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta amince da shirin shimfiɗa ƙarin wayar faiba mai tsawon kilomita 90,000, wanda ministan sadarwa Dokta Bosun Tijani ya gabatar, aka kuma kiyasta zai ci kimanin Dala miliyan dubu 2. A shekarar 2025 Bankin Duniya ya amince da zuba Dala miliyan 500 a cikinsa. Akwai kuma shirin haɗa sakatariyoyin ƙananan hukumomi 774 da intanet, da kuma shirin kafa dubban ƙarafan sabis a karkara da aka bayyana a shekarar 2025. A gida kuwa, tun watan Janairun 2023 aka buɗe babbar cibiyar adana bayanai ta Galaxy Backbone a birnin Kano. Ta ɓangaren wutar lantarki, wadda in babu ita babu sadarwa, dokar lantarki ta 2023 ta bai wa jihohi ikon tsara harkar wuta a cikin iyakokinsu, Bankin Duniya kuma ya amince da Dala miliyan 750 a ƙarshen wannan shekara domin ƙananan tashoshin hasken rana da makamantansu.

Maƙwabtanmu ma ba su zauna ba. A shekarar 2020 Jamhuriyar Nijar ta samu Dala miliyan 100 daga Bankin Duniya domin shirin kai sadarwa da hada-hadar kuɗi ta waya zuwa ƙauyuka. A kudancin Kaduna, gidauniyar Fantsuam da ke Kafanchan ta nuna tun a shekarun 2000 cewa al'ummar karkara na iya gudanar da nata tsarin intanet. A nan Kano kuma cibiyar CITAD ta daɗe tana kira da a samar da doka da tallafi ga irin waɗannan hanyoyin sadarwa na al'umma.

Abin da ya rataya a wuyan kowa

Darasin da ke cikin tarihin da muka kawo shi ne, irin waɗannan kuɗaɗe suna bin wanda ya shirya ne. Don haka muna ganin akwai matakai da ya dace a ɗauka tun yanzu.

Na farko, shugabannin ƙananan hukumomin nan huɗu su haɗu su fitar da sahihin lissafi, mazaɓa bayan mazaɓa, na garuruwa da rugagen da babu sabis ko kuma yake da rauni, tare da makarantu da asibitoci da kasuwannin da ke cikinsu. Wannan aiki ba ya bukatar kuɗi mai yawa. Kansiloli da hakimai da dagatai da masu unguwanni da arɗo-arɗo sun san kowane lungu. A miƙa takarda guda da sunan yankin baki ɗaya ga hukumar bunƙasa fasahar sadarwa ta jiha da ofishin NCC na shiyya da ke Kano da kuma USPF. Bukatar ƙananan hukumomi huɗu a haɗe ta fi ta guda ɗaya nauyi, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Na biyu, a tabbatar da kuɗin izinin haƙa guda ɗaya, mai sauƙi, a rubuce, wanda kowa ya sani, kuma a hana ɗora wasu ƙananan haraji a kan ƙarafan sabis da sunan ƙaramar hukuma ko wata ƙungiya. Gaskiya ne baitulmali zai rasa wani abu a yau. Amma kuɗin izini sau ɗaya ake karɓarsa, harajin da ke fitowa daga kasuwancin da sadarwa ta haifar kuwa kowace shekara yake shigowa.

Na uku, duk wata sabuwar hanya ko magudanar ruwan noman rani da za a yi a Ɗansoshiya da kewaye, a sanya bututun waya cikin zanen aikin tun daga farko, a kuma keɓe fili mai takarda domin ƙarfen sabis a kusa da matsugunin makiyaya da cibiyoyin tattara madara.

Na huɗu, 'yan majalisar da ke wakiltar mazaɓun tarayya na Kiru da Bebeji, da Tudun Wada da Doguwa, tare da Sanatan Kano ta Kudu da 'yan majalisar jiha, su nemi ganin taswirar hanyoyin da sabuwar wayar faiba za ta bi tun kafin a kammala ta. Bayan an ba da kwangila, sauya hanya abu ne mai wuya. Zuwa da kai, in ji masu iya magana, ya fi aike.

Na biyar, a yi tanadin kula da abin da aka samu. Ba a rasa makarantu a ƙasar nan da aka kai wa kwamfutoci suka ƙare a ɗaki a kulle, saboda babu wuta ko malami ko kuɗin sabunta data. Hukuncin Kotun Ƙoli na watan Yulin 2024 a kan kuɗaɗen ƙananan hukumomi ya ƙara nauyin da ke kansu, saboda haka ya dace kowace ta ware wani abu a kasafinta domin wannan hidima, tare da horar da matasa maza da mata na yankin su riƙa gyara da koyarwa cikin harshen Hausa da Fulatanci.

Daga ƙarshe, jama'a su ma suna da nasu kason. A shekarar 2024 Gwamnatin Tarayya ta ayyana kayan sadarwa a matsayin muhimman kadarorin ƙasa da doka ta ba su kariya ta musamman. Satar batir ko dizal a ƙarfen sabis, ko yanke waya yayin haƙa, cutar da gari ne baki ɗaya, kuma kamfanin da aka yi wa ɓarna sau biyu ba ya marmarin dawowa. Muna kira ga iyayen ƙasa da 'yan sintiri da ƙungiyoyin manoma da na makiyaya da su ɗauki waɗannan kaya tamkar rijiyar gari.

Marigayi Audu Bako ya gina Tiga a lokacin da wasu ke ganin aikin ya fi ƙarfin bukatar jama'a, yau ga shi sama da shekaru hamsin ana cin moriyarsa. Wayar da za a binne a gefen hanyar Ɗansoshiya ita ma aiki ce ta shekaru masu yawa, kuma a 'yan shekarun nan ne ake yanke shawarar inda za ta bi. Muna fata shugabanni da talakawan wannan yanki za su shirya takardunsu, su haɗa kansu, su kai bukatarsu inda ya dace kafin a rufe lissafi. Allah ya sa a dace.